Ayar da ake turowa a waya ba ta riƙe baƙo a Saudiyya

Kiristan da ya baro Jos ko Kafanchan ko Numan ya sauka Riyad ko Jidda da takardar aiki, Lahadi ce abu na farko da yake rasawa. A Saudiyya ita ce ranar da ake buɗe makon aiki. Tun 2013 hutun mako ya koma Juma'a da Asabar, mai aikatau a cikin gida kuwa ko wannan ba lalle ta gani ba. Babu majami'a a ƙasar, doka kuma ba ta yarda a yi sujadar wani addini a fili ba. Ba ƙararrawa, ba ƙungiyar mawaƙa, ba taron Zumuntar Mata, ba dattijon ekklesiya da zai tare ka a hanya ya ce makon jiya ba mu gan ka ba. Duk ɗawainiyar da jama'a ke yi wa bangaskiyar mutum a gida ba tare da ya lura ba, nan ta dawo wuyansa shi kaɗai.

Masu jin Hausa a ƙasar kusan dukansu Musulmi ne, wasu kakanninsu ne suka zo aikin hajji suka zauna. Kiristocin da ke cikinsu 'yan kaɗan ne, a warwatse: direban gida a nan, ma'aikaciyar jinya a can, mai aikin gini a Dammam, 'yar aikatau a unguwar da ba ta san sunanta ba. Abin da ya cike musu gurbin majami'a shi ne hoton nan na safe a WhatsApp, mai furanni da fitowar rana, da aya guda a tsakiya, a ƙasa an ce ka rubuta Amin ka tura wa mutum goma. A ganina, idan wannan ne kaɗai abincin mutum, yana gina masa dogarar da za ta rushe a ranar da ya fi bukatarta. Mintin goma na karatu a jere, sura bayan sura, ya fi masa amfani nesa ba kusa ba, kuma ekklesiyoyin gida da suka sallame shi da addu'ar tafiya kawai suna da nasu kason laifin.

Ɗauki ayar da ta fi kowace yawo a wayoyin 'yan ci-rani, Irmiya 29:11, inda Ubangiji ya ce ya san shirin da yake yi dominsu, shirin alheri ne, ba na masifa ba. Aya ce mai daɗi, kuma gaskiya ce. Amma wanda ya ja yatsa sama kaɗan zai ga cewa daga cikin wasiƙa aka tsinko ta, wasiƙar da Irmiya ya aika daga Urushalima zuwa ga mutanen da Nebukadnezzar ya kwashe zuwa Babila. Aya ta 10, wadda ke manne da ita, cewa ta yi sai shekara 70 sun cika. Ayoyi na 5 zuwa 7 kuwa umarni ne: ku gina gidaje, ku dasa lambuna, ku yi aure, ku nemi zaman lafiyar birnin da aka kai ku, ku yi masa addu'a. Galibin waɗanda aka karanta wa wasiƙar nan a Babila aka binne su.

A sura ta 28 akwai wani annabi mai suna Hananiya, wanda ya faɗa wa jama'a abin da kunnensu ke so. Ya ce cikin shekara biyu za a karya karkiyar sarkin Babila kowa ya dawo gida, har ya cire karkiyar itace daga wuyan Irmiya ya karya a gaban mutane. Bai ƙarasa shekarar da rai ba. Shekara biyu kuma, ga duk wanda ya san harkar nan, ita ce tsawon kwantiragin aikatau da aka saba sa wa hannu. 'Yar'uwar da aka tura wa aya ta 11 ita kaɗai za ta karanta ta da fassarar Hananiya: kafin kwantiragi ya ƙare na biya bashin ejan, na sayi fili, na koma. Wadda ta karanta surorin biyu a jere za ta ji wani abu dabam, cewa Allah yana tare da baƙo a ƙasar baƙunci ko da zaman ya yi tsawo, har ma yana so ta roƙa wa gidan da take yi wa wanke-wanke albarka. Wannan magana ta fi nauyi, ita ce kuma ke ɗaukar mutum idan wata na takwas ya zo bashi bai ragu ba.

Haka Filibiyawa 4:13 take, inda Bulus ya ce yana iya yin kome ta wurin mai ƙarfafa shi. Daga kurkuku ya rubuta, kuma aya ta 12 ta lissafa abin da yake nufi da kome: ƙoshi da yunwa, samu da rashi. Zabura 91 ma, wadda wasu ke bari a buɗe ƙarƙashin matashi kamar laya, ita ce Iblis ya jawo wa Yesu a kan tsororuwar Haikali a Matiyu 4:6. Bai ƙirƙiri ayar ba, daga muhallinta ya cire ta.

Ga yadda ɓarnar ke aukuwa. Kafili, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zaman ma'aikaci a ƙasar, ya riƙe albashin wata uku, ko mahaifiya ta rasu a Zonkwa ba a ba da izinin tafiya ba. Mutumin da kullum alkawarin nasara kaɗai ake ɗura masa, hanya biyu ce ta rage masa: ko ya ce Allah ya saɓa alkawari, ko ya ce bangaskiyarsa ce ta gaza. Ta biyun ita ce kasuwar annabawan intanet, masu cewa a shuka iri da riyal kaza a karya ƙofar da maƙiya suka rufe. Kuɗin makarantar yara da yawa sun bi ta wannan rariya.

Za a ce da ni, wadda ta tashi tun asuba ba ta kwanta ba sai tsakar dare, ina ta ga ƙarfin karanta sura? Da babu gara ba daɗi, ayar nan guda ai ta fi babu. Gaskiya ne, ba na kuwa cewa a daina turawa. Amma a yi lissafi tukuna. Littafi Mai Tsarki littattafai 66 ne, ko 73 ga 'yan Katolika. A cikin 66 ɗin akwai sura 1,189: Tsohon Alkawari 929, Sabon Alkawari 260. Matsakaiciyar sura ba ta wuce mintin biyar a karanta ta da baki. Sura 260 kuwa daidai take da kwana biyar a mako har mako 52, wato mai karanta sura ɗaya tak a rana, yana fashin kwana biyu kowane mako, zai sauke Sabon Alkawari cikin shekara. A kwantiragi ɗaya ya sauke sau biyu. Lokacin da ake ɓatawa wajen amsa Amin a rukunoni huɗu ya isa wannan.

Inda mutane ke faɗuwa shi ne shirin nan na ranar 1 ga Janairu, a fara daga Farawa da niyyar sauke duka cikin shekara. Yana bukatar sura uku da 'yan kai kowace rana. Farawa sura 50 ce, Fitowa 40, saboda haka Fabrairu na kamawa mutum ya tsinci kansa a Littafin Firistoci, cikin ƙa'idodin hadayu da na kuturta, bayan ya riga ya sha wuya da awon alfarwa tun daga Fitowa 25. A gida akwai fasto ko malamin makarantar Lahadi da zai warware masa. A ɗakin direba babu. Ya yi fashin kwana huɗu, bashi ya zama sura goma sha uku, kunya ta kama shi, ya rufe littafin sai wata Janairu. Tsarin da wani fasto ɗan Sikotilan, Robert Murray M'Cheyne, ya shirya a 1842, na wajen sura huɗu a rana, wanda har yau ake samu a manhajoji, yana da kyau ga mai sarari. Ga mai awa goma sha biyu a tsaye, kaya ne da ya fi ƙarfin jaki.

Abin da ya fi dacewa da wannan rayuwa shi ne a fara da Markus. Sura 16 ce, labari ne mai gudu, ba ya bukatar mai fassara a gefe. Sai Luka, 24, a zarce Ayyukan Manzanni, 28, tunda marubucinsu ɗaya ne. Wannan sura 68 ke nan, kusan wata uku a kan kwana biyar a mako. Daga nan 1 Bitrus, sura biyar kacal, wadda tun ayarta ta fari baƙi da ke warwatse aka rubuta wa. Da dare zabura ɗaya. Su 150 ne, sai dai ta 119 mai aya 176 a raba ta bisa sassanta 22, aya takwas-takwas. Tsohon Alkawari a shiga ta ƙofar 'yan'uwa baƙi: Yusufu daga Farawa 37, Rut, Esta, surori shida na farkon Daniyel. Littafin Firistoci zai jira, ya fi sauƙin ganewa bayan an karanta Ibraniyawa.

Batun lokaci, a nan ya kamata mu koya daga maƙwabtanmu Musulmi ba tare da jin kunya ba. Sun raba Alƙur'ani izu sittin, mai karatu ya san nasa na yau, kuma sun ɗaure ibada da lokutan da ba sa jiran sai an ji sha'awa. Kiran salla sau biyar agogo ne da kowa ke ji kyauta a ko'ina cikin ƙasar. Mai cewa zan karanta in na samu sarari ba zai samu ba. A liƙa karatun a jikin wani abu da ke faruwa kowace rana: bayan kiran asuba kafin yara su tashi, ko lokacin da direba ke jira a ƙofar makaranta, ko bayan miƙa aiki ga ma'aikaciyar jinya da ta yi kwana. Masu aiki a rana suna da hutun da doka ta tilasta daga ƙarfe 12 zuwa 3, tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba. Watan azumi kuwa yana juya gida gaba ɗaya: girki har sahur, barci da hantsi. Wadda ba ta sauya lokacinta tun daren farko ba, ta mayar da shi sa'ad da gida ya yi tsit da safe, za ta rasa watan duka.

Sai a yi hattara da addu'ar dare ta intanet da ake shiryawa daga gida. Saudiyya na gaban Najeriya da Nijar da awa biyu. Taron da aka buɗe sha biyun dare a Jos, ƙarfe biyu ne a Riyad. Direban da ya raya wannan dare sannan ya ɗauki 'ya'yan mutane da sassafe ya hau babban titi, ba ibada ya yi ba, ganganci ya yi da rayukan da aka ba shi amana.

Yadda za a yi karatun kansa ba wani abu ne mai wuya ba. A karanta surar duka, da baki a hankali in da hali, domin ido mai gajiya tsallake yake yi, baki kuwa ba ya iyawa. Sannan a tambayi kai wa ke magana a nan, da wa yake yi, me ya faru kafin nan. Tambayar nan ita ce maganin Hananiya. Bayan ta ne ake zuwa ga abin da surar ta nuna game da halin Allah, sai a ƙarshe abin da ta shafa a aikin yau. Yawancinmu daga ƙarshen muke farawa, shi ya sa kowace aya ke komawa maganar biza da albashi. A rubuta layi ɗaya ko biyu a ƙaramin littafi, da kwanan wata, a mayar da layin addu'a. Hadda kuma ba aikin yara ba ne a wannan ƙasa, domin akwai gidajen da ake karɓe wayar 'yar aiki, wasu sai dare, wasu sai ƙarshen mako. Zabura 23 aya shida ce, ta 121 takwas, Romawa 8:31 zuwa 39 tara. Aya ɗaya a mako ta isa a haddace ukun cikin wata shida, a riƙa bimbini a kansu ana guga.

Fassara ma abin dubawa ce. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fara fitowa a 1932, aikin da Dakta Walter Miller na Zariya ya yi fice a ciki. Hausarsa ta tsufa, ko da yake dattawa da ita suka yi hadda kuma ba sa son rabuwa da ita. Sabuwar fassara ta biyo a 1979, ga kuma Sabon Rai Don Kowa ta baya-bayan nan. Sunayen littattafai sun sha bamban: Yohanna a wata, Yahaya a wata, Misalai a nan, Karin Magana a can. Kada wannan ya rikita kowa, lambobin sura da aya ba su canja ba. A zaɓi wadda ake ganewa ba tare da tsayawa ba, a yi hadda da ita kaɗai. Manhajoji irin su YouVersion da Bible.is suna da Hausa, har da ta sauraro ga wanda karatu ke yi wa nauyi. A sauke abin da za a iya saukewa cikin waya tun a gida, kafin a hau jirgi, domin makonnin farko sau da yawa ba layi ba data, kuma su ne makonnin da kewa ta fi tsanani. A kashe sanarwar sauran manhajoji lokacin karatu. Littafin takarda ya fi waya ta wannan fuska, ba ya kawo saƙon kowa.

Kwafi ɗaya na amfanin kai, a cikin jaka, shi ne abin da hukuma ta ce ba ta hanawa, haka ma ibada a keɓe cikin ɗaki. Shigo da kwafi da yawa, raba wa mutane, ko yi wa Musulmi wa'azi, waɗannan laifuffuka ne da ke kai mutum kurkuku da tarhil, wato kora daga ƙasar. Tun 2016 aka karɓe ikon kama mutane daga hannun 'yan hisbar ƙasar, abubuwa sun yi sauƙi a titi, amma dokar laifukan intanet ta 2007 tana nan, kuma ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyar kan yaɗa abin da aka ɗauka ya taɓa martabar addini. Saboda haka musun addini a Facebook ko TikTok daga cikin ƙasar wauta ce. Idan mutum uku ko huɗu sun haɗu ranar Juma'a suna karatu a ɗaki, kada a ɗauki hoto, kada a ɗaga murya da waƙa, kada kuma wani a gida ya karanta sunayensu a bagade yana neman a tafa musu.

Akwai kuma tarkon da ake ɗanawa tun daga gida. Ana samun ejan da ke ce wa yarinya ta ɗauki sunan Musulmi ta ce ita Musulma ce don a yi saurin samun gida. Igama, wato katin izinin zama a ƙasar, tana ɗauke da addinin mai ita. Wadda takardarta ta ce Musulma, ranar da uwar gida ta ga Littafi Mai Tsarki a ƙarƙashin katifarta, ba za a kalle ta a matsayin Kirista mai karatun littafinta ba, za a kalle ta a matsayin wadda ta bar Musulunci, wannan kuwa babbar magana ce a can. Ban da haka, za ta shekara biyu tana karanta kada ka yi ƙarya a ɓoye da sunan aro.

Wasu daga gida, cikin inuwar mangwaro, sukan ce wannan ɓoye-ɓoye tsoro ne, ai Daniyel tagoginsa a buɗe ya yi addu'a. Daniyel 6:10 cewa ta yi ya ci gaba da yi sau uku a rana kamar yadda ya saba. Abin koyi a wurinsa shi ne sabon da ya riga ya kafu tun kafin doka ta fito. Yesu da kansa a Matiyu 6:6 ya ce a shiga ɗaki a rufe ƙofa, hasken da ya ce a bari ya haskaka a 5:16 kuwa ya fassara shi da kyawawan ayyuka. Direban da ke dawo da canjin cefane cif-cif, kowa a gidan ya san ko shi wane ne.

Karatu a jere yana gyara wani kuskuren kuma, na masu ɗaukar dogara ga Allah a matsayin naɗe hannu. Ana jawo wa 'yar aiki Afisawa 6:5 a ce ta yi biyayya ta yi shiru, a manta da aya ta 9 da ke gargaɗin iyayen gida. Maimaitawar Shari'a 24:14 da 15 ta hana a danne hakkin ɗan ƙodago, ɗan ƙasa ne ko baƙo, ta ce a biya shi kafin rana ta faɗi. Yakubu 5:4 ta ce ladan da aka hana ma'aikata yana kuka har kunnen Ubangiji. Bulus, da aka miƙe shi za a yi masa bulala a Ayyukan Manzanni 22:25, hakkinsa na zama ɗan Roma ya jawo. Nehemiya ya yi addu'a ya kuma sa masu gadi, duka a aya ɗaya, 4:9. (Maganar nan ta Allah ya ce tashi in taimake ka ba aya ba ce, ko an laluba ba za a same ta ba, amma Nehemiya zai gane ta.) Don haka wadda aka riƙe wa albashi ta yi addu'a, ta kuma ajiye hoton kwantiraginta da na fasfo, ta rubuta ranakun da aka biya ta, ta shigar da ƙorafi ta Musaned, wato dandalin intanet na hukuma kan harkar 'yan aikatau, ta nemi ofishin jakadancin Najeriya a Riyad ko ƙaramin ofishin da ke Jidda. Gudu daga gida ba tare da an bi wannan hanya ba shi ke sa kafili ya rubuta mata hurub, wato rahoton cewa ta tsere, ta koma abar nema.

Mai bin surori ɗaya bayan ɗaya zai kuma ci karo da abin da ba a taɓa sa wa furanni a tura ba. Zabura 88 ta fara da kuka ta ƙare da duhu, ba a sassauta ba, kuma an bar ta cikin littafin. Habakuk 3:17 da 18 ya lissafa ɓaure da bai yi toho ba, gona ba amfani, garke ba tumaki, sannan ya ce duk da haka zai yi murna da Ubangiji. Abokan Daniyel uku sun ce wa sarki Allahnsu yana da ikon cetonsu daga tanderu, amma ko bai cece su ba, ba za su rusuna wa gunki ba. Ga Hajara a Farawa 16, baiwa 'yar wata ƙasa da uwar gida ta wulaƙanta har ta gudu jeji, ita ce ta kira Ubangiji Allah mai ganina. Kowace 'yar aikatau ta cancanci a nuna mata wannan sura kafin ta tafi.

Wannan aikin na ekklesiyoyin gida ne, ECWA ce ko COCIN ko EYN ko Katolika. Sun san masu tafiya, domin wurinsu ake zuwa neman addu'a. Zama ɗaya na awa guda ya isa: a sauke mata fassarar da take ganewa, a ba ta takarda guda mai jerin surori da gurbin yin alama, a faɗa mata dokar ƙasar ba ƙari ba ragi, a hana ta karɓar sunan aro. A haɗa ta da mutum ɗaya, ba rukuni ba, wanda zai riƙa karanta sura iri ɗaya da ita daga Jos ko Yola, ranar Juma'a ya aiko saƙon murya na minti biyu ya ce, 'yar'uwa, ina kika tsaya, me kika gani? Takardar kuma kada a sa mata kwanan wata, lambobin surori kawai. Wadda ta yi fashin mako biyu saboda baƙi sun cika gida ko an karɓe waya, in ta dawo sai ta duba alamar ƙarshe, ta ga Luka 9 ce, ta buɗe Luka 10.